Riga-kafi da Gudummawa: Nazari a Kan Taimakon da Japan Ke Bai wa Matalautan Ƙasashe

Gabatarwa

A Hausa akwai kalmomi da dama da ke bayyana taimakon da wani ke yi wa wani, kuma kowace da muhallin da ta fi dacewa. Akwai agaji, wanda ake kai wa mutumin da masifa ta riga ta auka wa, kamar wanda gobara ta kama gidansa ko ya faɗa rijiya. Akwai gudummawa, wadda sigarta ma ta nuna tana da nasaba da gudu, wato a rugo a kawo ɗauki tun abin bai gama lalacewa ba. Akwai sadaka, akwai kuma rance. Sannan akwai riga-kafi, wadda ta bambanta da sauran domin ita tun kafin aukuwar abu ake yin ta. Kalmar ta samu ne daga "riga" da "kafi". Kafi kuwa shi ne shingen itatuwa da ake kafawa a kewaye gari don tsare shi daga mahara, haka nan asirin da ake binnewa lokacin kafa gari shi ma da wannan suna ake kiransa. Ma'anar ke nan a riga abokin gaba, a kafe gari tun bai iso ba.

Gidajen rediyo da jaridun Hausa sukan tattara waɗannan duka su kira su "taimakon ƙasashen waje", sai mai sauraro ya kasa tantance ko kyauta aka bayar ko bashi, ko kuwa barguna aka kai wa waɗanda ruwa ya ci, ko madatsa aka gina don kada ruwan ya ci su. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki ƙasa guda daga cikin masu ba da taimako, wato Japan, ta duba yadda taimakonta ya faro, da dalilin da ya sa ta fi sauran mayar da hankali ga riga-kafin bala'o'i, da abin da hakan ya haifar a wasu ƙasashe, da kuma inda masu suka ke ganin ta gaza.

Daga mai karɓa zuwa mai bayarwa

Japan ta fita daga Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 manyan biranenta sun zama toka, mutanenta suna cikin yunwa. Taimakon abinci daga Amurka ya riƙe ta a shekarun farko. Daga 1953 zuwa 1966 ta ci bashin Bankin Duniya don ayyuka 31, cikinsu har da madatsar ruwa ta Kurobe da layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ya haɗa Tokyo da Osaka, wanda aka buɗe a 1964. Ba ta gama biyan wannan bashi ba sai a 1990. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga fahimtar abin da zai biyo baya, domin jami'an Japan sun ɗauki darasi daga gare shi cewa bashin da aka zuba a kan hanyoyi da madatsu da wutar lantarki shi ne ya tayar da ƙasarsu, saboda haka shi ne zai tayar da wasu.

Tun tana cikin cin bashin ta fara bayarwa. Ranar 6 ga Oktoba 1954 ta shiga Shirin Kolambo na taimakon ƙasashen Asiya. A shekarar ce kuma ta ƙulla yarjejeniyar biyan diyyar yaƙi da ƙasar Bama, sannan Filifin a 1956, Indunisiya a 1958, da Biyetnam ta Kudu a 1959. Abin lura a nan shi ne ba tsabar kuɗi aka biya diyyar da shi ba. An biya ta ne da kaya da ayyukan kamfanonin Japan, kamar tashar wutar lantarki ta Baluchaung a Bama. Ke nan diyyar ta zamo jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: an lallashi maƙwabtan da aka zalunta lokacin yaƙi, an kuma buɗe wa kamfanonin gida kasuwa. A 1958 ta ba da rancenta na farko ga Indiya. A 1974 aka kafa hukumar haɗin gwiwa da ƙasashen waje wadda aka fi sani da JICA, ita ce kuma ta haɗe yawancin ayyukan rance da kyauta da horarwa a hannunta tun daga 2008. A 1989 Japan ta zarce Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowace ba da taimako a duniya, ta kuma riƙe wannan matsayi daga 1991 har zuwa 2000.

Ƙasar da bala'i ya karantar

Tsibiran Japan suna zaune ne a mahaɗar manyan faya-fayan dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, inda gogayyarsu ke haifar da girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu. Mahaukaciyar guguwa daga teku kan ziyarce su kowace shekara, kogunansu gajeru ne masu gangarowa da ƙarfi daga tsaunuka, mutane kuma sun cunkushe a 'yan filayen bakin teku. Ita kanta kalmar "tsunami" da duniya ta ara, ta Japananci ce, ma'anarta igiyar ruwan tashar jiragen ruwa.

Ranar 1 ga Satumba 1923 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta suka hallaka mutane sama da 100,000 a Tokyo da Yokohama. A watan Satumba na 1959 guguwar da ake kira Isewan ta tura ruwan teku cikin yankin Nagoya, mutane fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace. Wannan ta biyun ita ce ta sauya tunanin hukuma. Daga 1960 aka mai da 1 ga Satumba ranar riga-kafin bala'i, inda makarantu da ma'aikatu ke gwajin yadda za a tsira. A 1961 aka kafa babbar doka wadda ta fayyace aikin gwamnatin tsakiya da na lardi da na gunduma, ta kuma wajabta tsara shiri tun kafin aukuwar komai. A 1981 aka tsaurara ƙa'idojin gini. Da girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe ranar 17 ga Janairu 1995 ta kashe mutane 6,434, an tarar yawancin gidajen da suka rushe waɗanda aka gina ne kafin wannan ƙa'ida.

Japanawa suna kiran wannan aiki duka da kalmar "bosai", wadda ta haɗa ma'anar tsarewa da ta bala'i. In za a nema mata takwara a Hausa, riga-kafi ce ta fi kusa. Ita ce kuma hajar da Japan ta ga tana da ita fiye da sauran masu ba da taimako, ta ɗauke ta ta shiga da ita kasuwar siyasar duniya. Manyan tarurruka uku na Majalisar Ɗinkin Duniya kan rage haɗarin bala'o'i duk a Japan aka yi su: Yokohama a 1994, Kobe a 2005, da Sendai a 2015. Na Kobe ya zo ne mako uku kacal bayan tsunamin Tekun Indiya na 26 ga Disamba 2004, wanda ya kashe mutane kusan 230,000 a ƙasashe 14, a tekun da a lokacin ba shi da tsarin gargaɗi ko ɗaya. A taron Sendai ƙasashe 187 suka amince da tsarin aiki na shekara 15, wato har zuwa 2030, firayim ministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kuma yi alkawarin dala biliyan 4, wato miliyan dubu 4, cikin shekara huɗu, tare da horar da mutane 40,000.

Katangar Male

Misalin da Japan ta fi alfahari da shi yana tsibiran Maldives ne, kudu maso yamma da Indiya. Babban birnin ƙasar, Male, ɗan tsibiri ne wanda tudunsa bai fi mita ɗaya da 'yan kai bisa teku ba. A 1987 manyan raƙuman ruwa suka malale wani babban sashe na birnin. Gwamnati ta nemi taimako, Japan kuwa ta ɗauki shekara 15, daga 1987 zuwa 2002, tana kewaye tsibirin da katanga da tarin manyan curarrun kankare masu ƙafa huɗu waɗanda ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Kyauta aka yi wannan aiki. Shekara biyu da gama shi sai ga tsunamin 2004. Ruwa ya shiga birnin ya mamaye kusan kashi biyu cikin uku nasa, amma ya shiga ne a karye, gidaje ba su rushe ba, ba a kuma rasa rai a Male ba, alhali a sauran tsibiran ƙasar mutane sama da 80 suka mutu.

Da tsunami ya auka wa ita Japan ɗin a 2011, mutanen Maldives suka tara gwangwanayen kifi dubu-dubai suka aika mata, kifi kuwa shi ne arzikinsu. Birnin Kandahar na Afganistan ma, duk da halin da yake ciki, ya ba da dala 50,000. Wannan ita ce gudummawa a ainihin ma'anarta ta Hausa, inda ba a duban wanda ya fi wani wadata.

Bangaladash: gini da mutane

Labarin Bangaladash ya fi na Male sarƙaƙiya, ya kuma fi shi koyarwa, saboda haka ya cancanci a ɗan daɗe a kansa. Kudancin ƙasar fadama ce shimfiɗaɗɗiya inda kogunan Ganges da Brahmaputra da Meghna ke zuba cikin teku. Gaɓar tekun tana da siffar mazurari, don haka idan guguwa ta turo ruwa sai ya matse ya yi tsiri, ya haura mita biyar ko fiye, ya bi ƙauyuka cikin dare. A watan Nuwamba na 1970, lokacin ƙasar tana sashen gabas na Pakistan, irin wannan guguwa ta kashe aƙalla mutane 300,000. A ƙarshen Afrilu 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. A Nuwamba 2007 guguwar Sidr, wadda ƙarfinta bai gaza na waɗancan ba sosai, ta kashe mutane tsakanin 3,000 da 4,000. A 2020 kuwa, da guguwar Amphan ta tunkaro, an kwashe mutane sama da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Mene ne rabon Japan a wannan gagarumin sauyi? Abu biyu ne fitattu. Na farko, ta samar da na'urorin hangen guguwa a Cox's Bazar da Khepupara a bakin teku, ta kuma horar da ma'aikatan hasashen yanayi. Na biyu, daga 1993 ta gina mafaka sama da 100. Fasalin mafakar abin sha'awa ne. Gini ne na kankare a bisa dogayen ginshiƙai, ƙasansa a buɗe don ruwa ya wuce ba tare da ya ture shi ba, mutane su hau bene da rufi. A ranakun lafiya kuwa makarantar firamare ce. Hikimar hakan ita ce ginin da aka ajiye don rana ɗaya a shekara goma ba zai sami mai share shi ba, ƙofofinsa za su ruɓe, a wayi gari ya zama turken awaki. Amma makaranta kullum da mutane, kowane yaro ya san hanyarta, uwarsa ma ta san ta.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa mafakar da Japan ta gina kaɗan ce daga cikin dubban da ke ƙasar, waɗanda gwamnati da Bankin Duniya da Bankin Musulunci da wasu suka gina. Daɗin daɗawa, ginin da na'urar ba su isa su ceci kowa ba in babu mai kai labari. Wannan aiki kuwa 'yan ƙasa ne suka yi shi. Tun 1972 ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta kafa shirin 'yan sa-kai, gwamnati ta shigo cikinsa a 1973, yawansu kuma ya haura 70,000. Su ne ke kafa tutocin gargaɗi, su bi ƙauyuka a ƙafa da kekuna da lasifika, su ɗauko tsofaffi da guragu.

Guguwar 1991 ta fito da wasu abubuwa da injiniya ba zai gani a takardar zanensa ba. Mata sun mutu fiye da maza nesa ba kusa ba. Da yawansu gargaɗin bai iske su a cikin gida ba, wasu sun ƙi fita ba da izinin mazajensu ba, wasu sun ƙyamaci cakuɗuwa da maza a ɗaki guda wanda ba shi da makewayi na daban. Magidanta kuma sun ƙi barin shanunsu, domin ga talaka saniya ita ce asusu, wanda ya tsira da ransa ya rasa ta ya san abin da ke jiransa. Daga baya aka riƙa ware wa mata ɗaki da makewayi, aka tanadi tudun ƙasa don dabbobi kusa da mafaka, aka kuma ɗauki mata aikin sa-kai har suka kai rabin adadin. Duk wanda ya san zaman kulle da matsayin dabba a gidan manomi ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ranar da katanga ta gaza a gida

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a teku gabas da Japan, tsunamin da ya biyo baya ya kashe ko ya ɓatar da mutane sama da 18,000, ya kuma lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Wannan rana ta jarraba duk abin da Japan ta daɗe tana koya wa wasu, sakamakon kuwa gauraye ya fito.

A garin Taro akwai katanga mai tsawon mita 10 wadda baƙi kan zo kallo daga ƙasashen waje. Ruwa ya tsallake ta. An ruwaito cewa wasu mazauna garin sun yi jinkirin gudu saboda sun dogara da ita. A Kamaishi an kashe maƙudan kuɗi an gina shingen ruwa a bakin tashar jiragen ruwa, aka gama shi a 2009, shi ma ya karye, ko da yake ya rage wa ruwan ƙarfi. A ƙauyen Fudai kuwa wata ƙofar ruwa mai tsawon mita 15.5 ta tsare gidaje. Shugaban ƙauyen, Kotoku Wamura, shi ya nace a gina ta haka, ya sha zargin ɓarnar dukiya, ya kuma rasu tun ba a ga ranarta ba.

A Kamaishin da shinge ya karye, yara 'yan makaranta kusan 3,000 suka tsira, kaɗan ƙwarai aka rasa. Shekaru kafin haka wani malamin jami'a, Toshitaka Katada, ya riƙa koya musu cewa kada su amince da taswirar hukuma wadda ta ce ruwa ba zai wuce wuri kaza ba, kada kuma su jira wani ya fara gudu. Da ƙasa ta girgiza sai manyan yara suka kama hannun ƙanana suka haye tudu, suka ga bai isa ba suka ƙara gaba. A makarantar Okawa ta Ishinomaki kuwa an tsayar da yara a fili ana shawara har ruwa ya iso, 74 daga cikin 108 suka hallaka tare da malamai 10, kotu ta kuma ɗora wa hukuma laifin rashin shiri.

Bayan wannan aka ƙara jin wata kalma a bakin jami'an Japan, wato "gensai", rage bala'i, domin an yarda cewa tsare shi ɗungurungum ba ya yiwuwa. Taimakonta ma ya ƙara karkata ga horarwa da taswirar haɗari da darussan makaranta, tare da manufar cewa in za a sake gina abin da ya rushe, a gina shi ya fi na da ƙarko. A 2015 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Nuwamba ta zama ranar faɗakarwa kan tsunami, don tunawa da wani attajiri, Hamaguchi Goryo, wanda a 1854 ya cinna wa dammunan shinkafa wuta cikin duhu don mutanen ƙauyensa su ga hanyar tudu.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce ta bashi. A cikin manyan masu ba da taimako, Japan tana cikin waɗanda rance ya fi yawa a abin da suke bayarwa. Gaskiya ne rancen mai sauƙi ne, ruwansa kaɗan, ana kuma iya biyansa cikin shekara 30 zuwa 40, har da sararin shekara 10 a cikinsu. Hujjar Japan ita ce wanda ya san zai biya ya fi kula da abin da aka gina masa, ita ma haka ta yi da Bankin Duniya. Hujjar tana da ƙarfi in ana zancen tashar jiragen ruwa ko ta lantarki, waɗanda ke kawo kuɗin shiga. Amma madatsar ambaliya ba ta sayar da komai. Ribarta ita ce asarar da ba a yi ba, ita kuwa ba a kai ta banki. Bayan guguwar Haiyan ta kashe mutane sama da 6,000 a Filifin a 2013, Japan ta ware mata rancen yen biliyan 50 a 2014 wanda za ta iya ɗiba nan take in bala'i ya auku. Dabara ce mai amfani, domin kuɗi na zuwa da wuri, sai dai a ƙarshe wanda guguwar ta yi wa ɓarna shi ne mai biya.

Suka ta biyu ta shafi wanda ke cin moriyar aikin. Ƙa'idar da Japan ta daɗe tana bi ita ce ba ta fara aiki sai ƙasa ta roƙa. A zahiri wannan girmamawa ce ga mai karɓa. Masu nazari sun daɗe suna nuna cewa sau da yawa kamfanonin Japan ne ke taya gwamnatoci rubuta roƙon, su kuma dawo su sami kwangilar. Tun 2002 ma akwai wani nau'in rance da aka sharɗanta amfani da fasahar Japan a cikinsa. An kuma sami ayyukan da suka cuci waɗanda aka ce za a taimaka: a 2002 dubban mutanen Sumatra da madatsar Kotopanjang ta tayar daga ƙauyukansu suka kai gwamnatin Japan da hukumominta ƙara a Tokyo, kotu ta kori ƙarar a 2009. Haka nan Japan ba ta taɓa cika mizanin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 1970 ba, na kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. A 2023 abin da ta bayar ya tsaya ne a kashi 0.44.

Akwai kuma matsalar da ta shafi masu ba da taimako duka, wato kula da kaya bayan an gama bikin miƙawa. Da tsunami ya auka wa birnin Palu na Indunisiya a Satumba 2018, inda mutane fiye da 4,000 suka mutu, kakakin hukumar agajin ƙasar ya bayyana cewa na'urori 22 masu shawagi a teku don gano tsunami, waɗanda ƙasashe irin su Jamus da Amurka suka taimaka aka kafa bayan 2004, sun daina aiki tun 2012 saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Mai bayarwa yana son abin da za a liƙa wa tuta a ɗauki hoto, ma'aikatar kuɗin ƙasa mai karɓa kuma ba ta ga dalilin ware kuɗin batir da fenti don abin da ƙila ba zai auku a zamaninta ba.

Suka ta ƙarshe ita ce ta fi shafar wannan yanki na Afirka. A 2013 wata cibiyar bincike ta Landan mai suna ODI ta bi diddigin taimakon shekara 20, daga 1991 zuwa 2010. Ta gano cewa daga cikin kimanin dala biliyan 3,000 da aka bayar a duniya, biliyan 13.5 kacal aka kashe a kan riga-kafin bala'i, wato ƙasa da rabin dala a kowace dala 100. Ko a cikin kuɗin da aka ware wa bala'o'i kansu, kusan kashi biyu cikin uku agajin gaggawa ya tafi. Japan ce ta fi kowace ƙasa zuba kuɗi a riga-kafin, wannan yabo ne da ba a hana ta. To amma yawancin kuɗin ya tafi ne ga manyan ayyukan tsare ambaliya a ƙasashe masu matsakaicin arziki kamar Sin da Indunisiya, waɗanda ke iya cin bashi su biya. Nijar da Eritiriya da Zimbabuwe da Kenya da Malawi, inda fari ya shafi mutane sama da miliyan 100 a tsawon waɗannan shekaru, abin da suka samu su biyar bai wuce na Honduras ita kaɗai ba.

Dalilin bai tsaya ga son kai kawai ba. Gwanintar Japan a kan bala'in da ke zuwa farat ɗaya take, wanda ake iya auna tsawonsa a gina masa katanga. Fari kuwa a hankali yake shigowa. Damina ta yi gardama, hatsi ya tashi a kasuwa, a sayar da akuya, a sayar da saniya a wulaƙance, samari su tafi cin rani, kafin a ga yara a asibiti wata shida ko fiye sun shuɗe, kamar yadda aka gani a yankunan Maraɗi da Damagaram a 2005. Riga-kafinsa shi ne rumbun tsimi, da irin shuka mai saurin nuna, da rijiyoyi, da bin farashin kasuwa, da cibiyoyi irin AGRHYMET ta Yamai, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin farkon shekarun 1970 don lura da ruwan sama da amfanin gona. Japan ta taɓa wannan fage. Tun 1968 take da shirin taimakon abinci, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka sha karɓar shinkafa ta wannan hanya, a sayar da ita da rahusa a zuba kuɗin a ayyukan raya ƙasa. Tun 1993 kuma take shirya taron TICAD da shugabannin Afirka, wanda aka yi na tara a Yokohama a watan Agusta 2025. Duk da haka, a 'yan shekarun da suka gabaci wannan taro Indiya da Bangaladash da Filifin ne ke kan gaba a jerin masu karɓar taimakonta, babu kuma ƙasar Sahel ko ɗaya da ta kusanci sahunsu.